Wai da wane kwano ake auna talauci ne, kowa da lambar da yake faɗa?

Mai Shago Kurna:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Dan Allah masu ilimin lissafi ku zo ku fitar da ni daga duhu, jiya musu ya kaure a majalisarmu bayan isha'i har mai shayi ya kashe wuta ba mu gama ba. Wani ya ce shi a rediyo ya ji kashi 40 cikin 100 na 'yan Najeriya ne talakawa, wani ya ce ina, kashi 63 ne mutum miliyan 133, ƙanina da ke Jami'ar Bayero (BUK) kuma ya zaro waya yana ta mana bayanin dala kaza a rana wai Bankin Duniya. Kuma kowa ya rantse hukuma ce ta faɗa.

Ni abin da ya ɗaure min kai, shekarata 19 da aure a layin nan ba a taɓa yi min sallama an ce an zo a ga me muka ci ba, maƙotana ma haka, to ina suka samo lambar?

Ni dai ma'aunina littafin bashin shago ne. Da mutum kwano biyu zai auna na shinkafa ya ɗora jarkar mai a babur, yanzu gwangwani ake saye, mai kuma ƙulli a leda, sukari ƙulli, har magi sai a ce a ba da guda biyu. Wanda da yake aiko yaro da tsakar rana yanzu da kansa yake zuwa bayan an watse, shadda a jikinsa an sha guga, ya ce Alhaji a rubuta zuwa ƙarshen wata. To irin wannan da yake da albashi da babur amma tun 10 ga wata yana littafina, a wajen masu ƙididdiga talaka ne ko ba talaka ba? Kuma abin ƙaruwa yake ko mu ne muke kuka da yawa?

Ɗan Ƙididdiga:

Wa alaikumus salam Alhaji. Duk mutum ukun nan ba wanda ya yi ƙarya, kwanon awon ne ba ɗaya ba.

Mu fara da batun ba a zo gidanka ba. Ai in za ka sayi buhun masara a Dawanau ba zazzage shi kake ka duba ƙwaya-ƙwaya ba, ɗiba kake kaɗan a tafin hannu, sai dai mai wayo ba daga baki kawai yake ɗiba ba, yana taɓa tsakiya da ƙasa saboda algus. Haka Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa wato NBS take yi, a raba ƙasa gunduwa-gunduwa, a zaɓi wasu unguwanni da ƙauyuka da ƙuri'a, a cikinsu ma a sake zaɓar gidaje da ƙuri'a. Binciken da ya haifi kashi 40 ɗin nan an yi shi daga Satumba 2018 zuwa Oktoba 2019, gida wajen 22,000 aka shiga a duk ƙasar, ban da Borno da ba a sa ta a lissafin ba saboda matsalar tsaro. Ka ga rashin zuwa layinku ba abin mamaki ba ne.

Kuma ba tambayarka ake nawa kake samu ba, dan an san Bakano ba zai faɗa ba, kuma mai sana'ar hannu shi kansa bai san nawa ya samu a wata ba, yau akwai gobe babu. Abin da ake tambaya shi ne me aka ci me aka kashe. A kwana bakwai da suka wuce shinkafa nawa ta shiga tukunya, gero, wake, mai, nama, har abin da aka ci a waje, sannan a koma kan kuɗin makaranta, magani, haya, kuɗin mota, sabulu da sauransu. Manomin da ya ɗebo daga rumbunsa ana yi wa abin da ya ɗebo kuɗi da farashin kasuwa, wanda ke zaune a gidansa ko na gado ana ƙiyasta hayar da zai biya da ba nasa ba ne. Sai a tara a raba da yawan mutanen gidan, gida kuma a wajensu shi ne masu ci daga tukunya ɗaya, ba masu shiga ta zaure ɗaya ba.

Layin talaucin kuma ga yadda aka ja shi, a lissafa kuɗin abincin da zai riƙe jikin mutum a rana, a ɗora masa ɗan abin da ba makawa na sutura da muhalli da makamantansu. A wancan lokacin ya kama naira 137,430 ga mutum ɗaya a shekara, wajen naira 376 ke nan a rana. Duk wanda ya gaza haka shi ne talaka, sai aka samu kashi 40.1, mutum miliyan 82.9. A birane kashi 18, a karkara kashi 52. Kano ta tashi da kashi 55, maƙociyarmu Jigawa 87, Sakkwato ma 87 da ɗoriya, Legas kuwa ko 5 ba ta cika ba.

Shi kuma 63 ɗin a Nuwamba 2022 ya fito, shi ba ruwansa da nawa ka kashe. Abu 15 ake dubawa a ƙarƙashin ɓangare huɗu, lafiya, ilimi, yanayin zama, sai aiki da masifun da ke faɗo wa mutum kamar harin 'yan bindiga. Da me ake girki, itace da gawayi ko gas? Wane irin banɗaki? Ruwan sha daga ina, kuma yana yankewa? Asibiti mafi kusa tafiyar minti nawa ce? Akwai yaron da ya isa makaranta ba ya zuwa? Kowanne da makinsa, in makin rashinka ya kai kashi 26 ka shiga. Shi ya ba da miliyan 133, kuma Kano ce ta fi kowace jiha yawan mutane a ciki, sama da miliyan 10, duk da a kaso Sakkwato ce a sama da kusan 91, Ondo a ƙasa da 27.

Na dala kuwa dan a kwatanta ƙasa da ƙasa ne. Da layin dala 1.90 ne a rana ga mutum ɗaya, a 2022 ya koma 2.15, a Yuni 2025 ya koma dala 3. Ka gaya wa ƙanin naka kar ya buga shi da farashin 'yan canji na Wapa, ba wannan dalar ba ce, dala ce da aka daidaita da abin da kuɗi ke iya saye a kowace ƙasa.

Mai albashinka kuwa ya danganta da bakin da yake ciyarwa. A 2019 mafi ƙarancin albashi 30,000 ne, a shekara 360,000, raba shi da 137,430 ko mutum uku bai ɗauka ba. Wato ma'aikaci da matarsa da jariri ɗaya, in ba wata hanyar shiga, sun riga sun faɗa. Mai gida mutum takwas sai yana kashe sama da 91,000 a wata a wancan lokacin kafin ya tsallake. Babur da guga ba sa cetonsa.

Uwar Biyu:

Malam Ɗan Ƙididdiga sannu da ƙoƙari, amma ni tambaya ɗaya gare ni, WA ake tambaya a gidan? Dan in maigida aka tare a zaure wallahi lissafin nan ya karkace tun daga tushe. Shi abin da ya sani ya ajiye kuɗin cefane ya fita, bai san kuɗin nan ko azahar ba sa kaiwa ba, bai san ita ce ta cika da ribar awara ko ɗinki ko ta ja adashi ba, bai san yau an rage hannu a tuwo ta ce wa yara ita ta ƙoshi ba. Ya dawo da daddare an ajiye masa nasa a kula da ɗan mai a sama shi ke nan a ganinsa gida lafiya.

Sannan wannan raba daidai da yawan mutanen gida ɗin, a takarda ne kawai ake raba daidai. A gida mai mata biyu ko uku wani ɗakin ana shan shayi da madara saboda 'yan'uwanta na da hali suna aiko mata, wani ɗakin koko ba sukari, duk tukunyar dare ɗaya ce. Ga 'yar riƙo, ga tsohuwa a ɗakin baya. Gidan zai iya tsallake layin naku alhali rabin mutanen ciki suna ƙasansa.

Batun gawayi kuma dariya ya ban, mu nan Ɗorayi akwai gidaje da yawa da silinda na nan a kicin a goge tsaf amma rabon da a cika ta an manta, in kun tambaya akwai gas za a ce akwai. Ruwa ma haka, famfo na nan a tsakar gida kamar ado, 'yan garuwa ne ke shayar da mu kuma kullum jarka ƙara kuɗi take.

Ɗan Ƙididdiga:

Hajiya ba ki faɗi ƙarya ba. Ƙa'idar ita ce ɓangaren abinci a tambayi wanda ya fi sanin tukunya, wato ke, amma na taɓa aikin shiga gida-gida na wani bincike a nan cikin gari kuma na ga yadda ake yi, in ba mace a tawagar to a soro za ku ƙare, maigida na leƙawa ciki yana ƙwala tambaya ana amso masa daga bayan labule. Ga mutum biyu masu ɓata awo ta fuska biyu, mai ganin kwamfutar hannu ya ɗauka tallafi aka zo rubutawa sai ya ce rabonsu da nama tun layya alhali ga ƙashi a bola, da mai jin kunyar a ce ya gaza, ya ce kullum sau uku ake ɗora tukunya kana kallon murhu a sanyaye. Tambayar girki dai da me aka FI girkawa ake yi ba me aka mallaka ba, in mai tambayar ya san aikinsa. Na rabo a cikin gida kuwa wannan raunin ma'aunin kuɗin ne gaba ɗaya, na 2022 ya ɗan taɓo shi tunda an auna jikin yara an kuma duba su daban, aka samu kashi biyu cikin uku na yaran ƙasar nan suna ciki.

Sarkin Musu:

Ku dai kuna ta wahalar da kanku. Rabonmu da ƙidaya tun 2006, lokacin aka ce Kano miliyan 9.4, ta 2023 aka ɗage har aka daina maganarta. Wanda bai san yawan 'ya'yansa ba shi ne zai gaya maka guda nawa ne ba su ci abinci ba, har da ɗigo tara? Miliyan 82.9 fa, kamar an ƙirga kwabbai.

Kuma kun manta abin da aka yi da rashin aikin yi? Ƙarshen 2020 aka ce kashi 33, aka wayi gari a 2023 aka ce kashi 4 da 'yan kai, ba masana'anta ɗaya da aka buɗe a Sharaɗa ko Bompai da za ta ɗauke wannan, kawai cewa aka yi in ka yi aikin awa ɗaya a sati kai ma'aikaci ne. Hauhawar farashi ma Disamba 2024 kashi 34.8, Janairu 2025 ya zama 24 da rabi dan an canja shekarar da ake ɗora lissafi a kai, ni dai ban ga mai shago ya rage min komai a watan ba, Alhaji ko ka rage? Gobe ma in an ga dama za a canja kwano a ce talauci ya ragu mu tafa.

Ga almajirai da masu kwana a tasha da bakin kasuwa da 'yan ci-rani, waɗannan a wane gida aka same su aka tambaye su me suka ci a kwana bakwai?

Ɗan Ƙididdiga:

Yallaɓai Sarkin Musu yau rabin musunka na karɓa. Kason, wato 40 ko 63, daga gidajen da aka shiga yake fitowa, bai dogara da ƙidaya sosai ba. Amma miliyoyin kam sai an buga kason da yawan jama'a, yawan jama'ar kuma hasashe ne da aka ɗora a kan 2006, dan haka ni ma ɗigon nan ba na rantsuwa a kansa. Marasa gida kuma gaskiya ne binciken gidaje ba ya kama su da kyau, kuma su ne a can ƙasa.

Inda nake so a kula shi ne tambayar Alhaji ta biyu, ƙaruwa yake ko raguwa, nan ne mutane suka fi yin aika-aika. Sai ka ji an ce 2019 kashi 40, 2022 kashi 63, wai ya ƙaru da 23 a shekara uku. Kuskure ne, kamar ka auna gero da kwano jiya yau ka auna da mudun wani gari ka ce an yi maka sata. Haka wasu ke cewa ai a 2010 NBS ta ce kashi 69 mutum miliyan 112, ga shi 2019 ya dawo 40, an samu ci gaba. Shi ma kuskure ne, layin ba iri ɗaya ba, hanyar tambayar ma ba ɗaya ba, a na 2009 zuwa 2010 littafi ake bari a gida a riƙa rubuta abin da aka ci kullum, a na 2018 tuno kwana bakwai ake. Mutum yana gajiya da rubutu ya riƙa tsallakewa sai ya fito kamar bai ci komai ba. Canja tsarin tambaya kawai yana motsa lambar ko da ba abin da ya canja a tukunya.

Lokacin zuwa ma haka, ka je ƙauyen Bichi ko Rano da kaka ka koma a tsakiyar damina da rumbu ya yi ƙasa, kamar gari biyu ka je. Shi ya sa aka shimfiɗa binciken a kan shekara guda cur. Akwai kuma wani da NBS ke yi tun 2010 tare da Bankin Duniya, gida wajen 5,000 ake bi ana komawa, sau ɗaya bayan shuka sau ɗaya bayan girbi, shi ne ke nuna wa ya faɗa wa ya fita, dan talauci ba ɗaki ba ne da mutane ɗaya ke zaune a ciki, jinya ɗaya ko gobara a kasuwa ta isa ta jefa mai rufin asiri.

Sai dai kar musu ya kai mu ga cewa ba a san inda aka dosa ba. An cire tallafin mai 29 ga Mayu 2023, aka saki naira a Yuni, zuwa tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40. Naira 376 ɗin nan a 2019 lita biyu da rabi ce ta fetur tunda 145 ake sayarwa, ƙarshen 2024 ko rabin lita ba ta saya. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga 30,000 zuwa 70,000 a 2024, Kano ta ce 71,000, amma kaya sun riga shi gudu. Bankin Duniya a ƙarshen 2023 ya ce an tashi daga kashi 40 zuwa 46, mutum miliyan 104, sai dai a sani wannan hasashe ne, tsohon awon 2018 aka ɗauka aka ɗora masa tashin farashi da abin da mutane ke samu. Kuma ba sai an gaya wa ɗan Kano ba, mun ga mata masu gurasa sun fito zanga-zanga kan tsadar fulawa a farkon 2024, mun ga afafata, wato tarkacen shinkafar da ake warewa bayan casa, da a da kifi ake zuba wa ta koma tukunya.

Baba na Fagge:

Yarana Allah ya yi muku albarka, na karanta duka da taimakon jikana. Wannan awo ba yau aka fara ba. A wajen malamanmu na Malikiyya an raba faƙiri da miskini, faƙiri yana da ɗan abin hannu amma ba zai kai shi shekara ba, miskini kuwa ba shi da komai, kuma dukkansu suna cin zakka. Kun ga ma'aunin shekara ne, ba na yini ba. Da za a bi wannan a Kano yau, gida nawa ne ke da abincin shekara ko hanyar da za ta kawo shi ba fargaba? Ina jin lambar sai ta ba ku tsoro fiye da 63.

Kuma a lura, talaka a bakin Bahaushe asalinsa wanda ba ya riƙe da sarauta ne, talakawan da Malam Aminu Kano ya yi wa gwagwarmaya har da masu shago da rumbu cike. Shi ya sa in ka tambayi mutum kai talaka ne zai ce e ba kunya, amma ka tambaye shi an kwana da yunwa a gidanka, sai ya ce Alhamdulillahi asiri a rufe. Da mai unguwa da liman su suka san gidan da hayaƙi bai tashi ba, a aika da kwano bayan magariba ba wanda ya ji. Yanzu unguwa ta cika ta batse, maƙocinka ma ba ka san sunansa ba, shi ya sa dole sai da biro.

Mai Shago Kurna:

Baba Allah ya ƙara girma, na gode. Sarkin Musu ban rage maka ko sisi ba, dan ni ma ba a rage min a kasuwar Singa ba.

Malam Ɗan Ƙididdiga na zauna da kalkuleta da safen nan, mu 11 ne a tukunyata har da gyatuma da 'ya'yan marigayi yayana biyu, na buga da 137,430 na raba 12 ya ba ni kusan 126,000 a wata, a 2019 ɗin ma da ƙyar nake taɓa wannan, ni da ake ce wa Alhaji ana cin bashi a wajena. Ban gaya wa uwargida ba tukunna. Yanzu in ina son na san inda nake a bana da me zan ninka lambar? Kuma ita rajistar talakawan da aka ce da ita aka riƙa ba da tallafin gwamnati na naira 25,000 ɗin nan, da wannan awon ake shiga?

Ɗan Ƙididdiga:

A'a Alhaji rajista daban, ita jama'ar gari ake tarawa su nuna gidajen da suka fi shan wahala, sannan a zo a duba rufi da daɓe da kayan ɗaki da yawan yara a ba da maki, binciken NBS ba ya fitar da sunan kowa. Na ninkawa kuma ai kai ka fi mu kayan aiki, ɗauko tsohon littafinka na 2019 ka zaɓi abu goma da gidanku ba ya kwana ba su, shinkafa, masara, wake, mai, sukari, sabulu, gawayi da sauransu, ka rubuta farashin da da na yau gefe da gefe, sau nawa jimillar ta ninka to da shi za ka buga. Kar ka manta abin da kake ɗauka daga shago ka kai gida ba ka rubuta ba shi ma a cikin kashewa yake, da hayar gidan in naka ne, watakila su ɗan ɗaga ka.

Uwar Biyu:

Alhaji ka ba ta biron ita ta cike ɓangaren abincin, kai ka tsaya a kuɗin makaranta da na wuta. Kuma in kun gama a turo mana nan mu gani, ni ma yau zan gwada namu in yara sun yi barci.